Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Gwanintar Gyara Wutar Amfilifaya

Ƙaramar amfilifayar ɗaki, irin wadda ake jona wa sifika biyu don sauraron karatu ko waƙa, tana da wata ɗabi'a da duk mai ita ya sani. Muddin murya tana ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Da an murɗa ta sama, kiɗa ya iso inda ganga take dukan ƙirji, sai sauti ya shaƙe, ya riƙa karcewa, 'yar fitilar gaban akwatin tana lumshewa tare da kowane bugu. Mai kaya yakan yanke hukunci tun daga gida: ko sifika ta fashe, ko ayisi, wato 'yar na'urar da take sarrafa sautin, ya gaji. Sai ya saɓa ta zuwa shago, ya ce, "Injiniya, a sa mini babban ayisi."

Gwanin gyara yakan amsa da "To, Alhaji," amma hannunsa wani wuri yake nufa. Zai kwance murfi, ya ɗora bakin mita a ƙafafun manyan kafasitocin nan biyu da suke tsaye kusa da taransifoma, ya sa waƙa, ya zuba wa mita ido. Kafin kiɗa, a ce tana nuna bolt 24. Da ganga ta buga sai ta zame zuwa 17 ko 16, ta dawo, ta sake zamewa. Ya gama gano ciwon ke nan, ayisi kuwa ko taɓa shi bai yi ba.

Abin da ya sani, wanda mai kaya bai sani ba, shi ne amfilifaya ba ta ƙirƙirar ƙarfi ko na anini. Sautin da yake fitowa daga waya ko rediyo ɗan mitsitsi ne, bolt ɗaya ko ƙasa da haka, ba zai iya girgiza babbar sifika ba. Aikin ayisi shi ne ya riƙa buɗe hanya yana tsuke ta, daidai da hawa da saukar wannan ɗan sautin, domin wutar da take ajiye a cikin akwatin ta wuce zuwa sifika da irin siffarsa. Ke nan duk abin da kunne ya ji a ɗakin, wutar akwatin ce aka sarrafa. Idan wutar ta gaza, ko wane ayisi aka sa, abin da babu ba zai bayar ba.

Wutar da take zuwa soket a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, kuma kai-kawo take yi, sau 50 a kowace daƙiƙa. Ayisi ba ya aiki da irin wannan, shi wuta mai tafiya gefe guda yake so, tsayayya kamar ta batir. Taransifoma ita take rage ta, a ce zuwa 18 ta kowane gefe da waya ta uku a tsakiya, abin da masu gyara suke kira 18-0-18. Dayod guda huɗu su karkata kai-kawon ya koma gefe ɗaya. Amma abin da yake fitowa daga dayod bai zama shimfiɗaɗɗe ba tukuna: tudu ne da kwari, tudu ɗari a kowace daƙiƙa. A nan kafasita take shigowa. Ɗauke ta a matsayin randar gida, taransifoma kuma ɗan garuwa ne da yake zuwa sau ɗari a daƙiƙa, ya juye ruwa cikin hanzari ya fita. Tsakanin zuwansa da dawowarsa, daga randa gida yake sha. In randar ƙarama ce kuma masu sha suka yi yawa, kafin ya dawo ruwa ya yi ƙasa.

Abin yana da lissafi, kuma ba mai wuya ba. Idan amfilifaya tana jan amfiya 1, kafasita mai maikurofarad 2,200 za ta zube da kimanin bolt 4.5 tsakanin cika da cika. Mai 10,000 kuwa bolt 1 kacal za ta zube. In kiɗa ya yi nauyi aka ja amfiya 2, ta farkon ta rasa bolt 9, ta biyun ta rasa 2. Kamfanonin da suke ƙera kaya masu araha sun san wannan sarai, amma sun kuma san cewa mai saye ba ya buɗe akwati a kasuwa. Daga waje ake rubuta wat 2,000 da manyan haruffa, alhali taransifomar da take ciki za ta ɓuya a tafin hannun yaro. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Gwani ba ya karanta kwali. Ɗaga akwatin yake yi ya ji nauyinsa, domin a irin wannan amfilifaya ƙarfe da tagullar taransifoma su ne nauyin, su ne kuma ƙarfin.

To, sai a ƙara wuta mana? Nan ne wanda bai ƙware ba yake ƙona kayan mutane. Lambar da aka rubuta a jikin taransifoma ba ita ce take isa ga ayisi ba. Kafasita tana cika ne har ƙololuwar tudu, ƙololuwar kuwa ta ninka lambar da 1.41. Taransifoma mai 18 tana ba da wajen 25, dayod ya ci kusan ɗaya, a sami 24. Ayisin da ake yawan samu a ƙananan amfilifayoyin kasuwa, TDA2030, iyakarsa bolt 18 ta kowane gefe. Ɗan'uwansa TDA2030A yana jure 22. Wanda ya ga 18 a takardar ayisi ya ga 18 a jikin taransifoma ya ce sun dace, hayaƙi zai gani. Irin waɗannan 12-0-12 ce abokiyar zamansu, tana ba da kimanin 16. Ko ita ma sai an yi hattara, domin taransifoma idan ba a jan wuta daga gare ta tana haura lambarta kaɗan, wutar gari kuma ba ta da alƙawari. Da yamma ta yi lo har fanka ta kasa juyawa, cikin dare in unguwa ta yi barci ta haura 240 ko 250, kuma duk abin da ta ƙaru da shi taransifoma za ta miƙa wa ayisi daidai gwargwado. Saboda haka harafin A ɗin nan guda yana iya zama tsakanin amfilifayar da za ta shekara goma da wadda za ta mutu a daren farko. LM1875 yana kaiwa 30 ta kowane gefe. LM3886, wanda National Semiconductor ta ƙera kafin Texas Instruments ta saye ta a 2011, yana ba da wat 68 a sifika mai om 4 idan ya sami 28 ta kowane gefe. Kowanne da gejinsa, kuma gwani yakan bar tazara tsakaninsa da gejin. Haka yake yi wa kafasita: inda wuta take 24 ba ya sa mai 25, mai 35 yake nema.

Akwai kuma gaskiyar da ba kowane mai gyara yake faɗa wa mai kaya ba, domin tana rage ciniki. Ninka wat sau biyu ba ya ninka ƙara a kunne. Ɗan ƙari ne kawai, desibel 3, wanda za ka lura da shi amma ba zai ba ka mamaki ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sai wat ya ƙaru kusan sau goma. Saboda haka ribar wannan gyara ba a tada maƙwabta take ba. Ribar ita ce ganga ta buga ta tsaya da ƙafarta, muryar mawaƙi ba ta dusashe a bayanta ba, mai karatu ya ja dogon numfashi ba tare da sauti ya tsage ba. Ni a ganina wanda ya iya faɗa wa mai kaya haka kafin ya karɓi kuɗinsa ya fi wanda ya iya liƙi da dalma kawai.

Zaɓen taransifoma shi ma ilimi ne. Irin waɗannan ayisin, ko a takarda, ba sa mayar da fiye da kashi 78 cikin ɗari na wutar da suka ja ta zama sauti, a aikace kuwa rabi ko fiye zafi yake zama a jikin ƙarfen da aka ɗaure su a kai. Wanda yake son wat 20 na gaskiya a kowace sifika, taransifoma mai VA (wato bolt sau amfiya) 80 zuwa 100 yake buƙata. Ko daga Sabon Gari aka sayo ta a Kano, ko daga Alaba a Legas, ko masu naɗin koyil aka ba su naɗa sabuwa, gwani yakan sa reza ya kankare bakin wayar. In ja ce har ciki, tagulla ce. In fari ya leƙo daga ƙarƙashi, alminiyam ne aka yi wa riga, shi kuwa bai wuce kashi 61 cikin ɗari na abin da tagulla mai kauri ɗaya take ɗauka ba, don haka zai fi zafi, wutar kuma za ta fi zubewa idan an ja ta. Kayan gwanjo daga Amurka suna da nasu tarkon. An yi su don bolt 120 da kai-kawo 60 a daƙiƙa, ko an sa musu abin rage wuta, ƙarfen taransifomar ya fi ɗaukar zafi a kan namu 50.

Taransifomar da aka fi yabo ita ce mai siffar zobe, saboda ba ta cika watsa maganaɗisu a cikin akwati ba. Amma tana da wani sirri da ya isa a gane wanda ya koyi aiki a hannun gwani. Da dogon noti guda ake ɗaure ta, ta ramin tsakiya. Idan ƙasan notin yana manne da gindin akwatin ƙarfe, kansa kuma ya taɓa murfi, to noti da akwati sun zama zagaye guda na waya da ya kewaye zoben, zagayen da bakinsa biyu suke haɗe. Wuta mai yawan gaske za ta bi ta nan, noti ya yi zafi, taransifoma ta dahu, ba tare da an yi kuskure ko ɗaya a wayoyi ba. Shi ya sa za ka ga gwani yana leƙa gefen akwati kafin ya ɗaure murfi, yaron shago yana tsammani ƙura yake dubawa.

Kafasita kuwa zafi ne ajalinta. A cikinta akwai takarda jiƙaƙƙiya da wani ruwan sinadari, ruwan yana ƙafewa a hankali. A jikinta ana rubuta digiri 85 ko 105, wato zafin da za ta jure na wasu sa'o'i, galibi 2,000. Ƙa'idar da masu ƙera ta suke aiki da ita ita ce duk digiri 10 da aka rage, kwananta ya ninka. A akwatin da cikinsa ya kai digiri 65, mai 85 za ta yi wajen sa'a 8,000, mai 105 ta yi 32,000. Wanda ya san watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, inda inuwa ma take kai 40, ba zai tsaya ciniki a kan 'yan nairorin da suke tsakaninsu ba. Wadda ta gaji wani lokaci kanta yakan kumbura, wani lokaci ba alama sai an auna. Jabu ma suna nan: gwangwani babba da lamba babba, a fasa a tarar da 'yar ƙarama a ciki an jona mata ƙafafu. Nauyinta a hannu yakan tona ta, mita ta ƙarasa shaida.

Inda na fi jin daɗin kallon gwani shi ne inda yake tsayawa. Mai kaya da ya ji bambancin 2,200 da 10,000 yakan ce a sa 50,000 gaba ɗaya a huta. Sai dai girman randa yana ƙara wa ɗan garuwa wahala. Ruwan da gida ya sha bai ragu ba, amma tun da randar ba ta yin ƙasa sosai, ɗan lokacin da yake samu na juyewa ya ƙara gajarta, dole ya antaya da ƙarfi. A cikin akwati wannan yana nufin wuta tana ratsa dayod a dunƙule, ninkin-ba-ninkin abin da amfilifaya take ci. Ƙananan dayod irin 1N4007, masu amfiya 1, sai su soye. Saboda haka ba a ƙara kafasita a bar dayod yadda suke: a sa 1N5408 masu amfiya 3, ko dunƙulallen nan mai ƙafa huɗu da yake ɗaukar 25, a ɗaure shi a jikin akwati ya riƙa sauke zafinsa. Lokacin kunnawa kuma, da kafasita take wayam, jan farko yakan tsinke fis. Maganinsa fis mai haƙuri, wanda ake sa wa harafin T, ko 'yar razistar nan da take tare wuta tana sanyi ta sake ta in ta yi ɗumi. Silin waya ko takardar kwalin sigari da ake cusawa a gurbin fis, wannan gobara ce aka ajiye a ɗaki.

Shi ayisin ma yana da tasa dabarar. Muddin wuta ba ta zube ƙasa da abin da kiɗa yake nema ba, yana tace kusan duk rawar da take yi, ba ya bari ta kai sifika. A 1999 wani kamfanin Japan, 47 Laboratory, ya fitar da amfilifaya mai suna Gaincard, ƙirar Junji Kimura. Ayisi ne LM3875 da 'yan kayayyaki kaɗan, kafasitocinta maikurofarad 1,000 kacal, aka kuma sayar da ita sama da dala dubu uku tare da akwatin wutarta. Masu haɗa kaya a gida a ƙasashe da dama suka yi ta kwaikwayonta. Ban ɗauki wannan hujjar cewa ƙarama ta fi babba ba, domin taransifomarta ba ƙarama ba ce, kuma masu sayenta ba biki suke yi da ita ba. Abin da ta nuna shi ne tara kafasita ba shi kaɗai ne hanya ba. Ga amfilifaya mai wat 20, in an kai 10,000 ta kowane gefe, abin da aka ƙara a kai na mai shagon kaya ne.

Sai gurnani, wannan ƙugin da yake zaune a sifika ko ba a sa komai ba. Ga mai kaya duk ɗaya ne, ga gwani iri biyu ne. Akwai mai zurfi, mai laushi, mai kai-kawo 50: wannan yawanci maganaɗisun taransifoma ne yake shiga wayoyin da sauti yake shigowa ta cikinsu, ko kuma an jona na'urori biyu wutar ta sami hanyar zagayawa tsakaninsu. Akwai mai kaifi, mai zizar 100: wannan daga wajen dayod da kafasita yake. Yakan zare wayar shigowa ya saurara. Yakan kwance taransifoma ya ɗan juya ta ya saurara. Yakan kashe makunni yana kasa kunne, domin amfilifaya tana ci gaba da aiki daƙiƙa ɗaya ko biyu da abin da kafasita ta tara, kuma in gurnanin ya ɗauke nan take alhali waƙa ba ta mutu ba, ya tabbata daga ɓangaren wuta yake.

Sau da yawa laifin na waya ɗaya ne da aka liƙa a inda bai kamata ba. Wayar tsakiyar taransifoma tana zuwa mahaɗar kafasitocin biyu, kuma ta wannan ɗan guntun ne dunƙulalliyar wutar nan take bi sau ɗari a daƙiƙa. Idan aka ɗauki giraun na sauti, wato wayar da wutar sautin take komawa ta cikinta, daga kan wannan hanyar, zizar ta shiga kiɗa. Gwani yakan fitar da ɗan reshe daga mahaɗar, gajere mai kauri, ya tara sauran giraun duka a bakin reshen. Tazarar ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, amma ita ce tsakanin shiru da ƙugi. Daga nan ya murɗe wayoyin taransifoma su zama igiya guda, ya kawar da su daga na sauti, ya liƙa 'yan ƙananan kafasita masu nanofarad 100 dab da ƙafafun ayisi. Duk kuɗin wannan bai kai na kwanon abinci ba.

Kafin duk wannan akwai abin da gwani ba ya mantawa, wato sauke wutar kafasita. Cire fulogi ba ya nufin akwati ya mutu, babbar kafasita tana iya riƙe wuta na tsawon lokaci. Yaran shago suna son gitta mata sukundireba su ji ƙarar tas, abin da yake cin bakin ƙarfe ya kuma raunata kafasitar. Gwani da razista yake sauke ta sannu, ya auna, sannan ya sa hannu, kuma yakan liƙa wata ta zauna a kai har abada domin wanda zai buɗe bayansa. In an gama aiki kuma ba ya jona wa soket kai tsaye. A kan teburinsa akwai ƙwan lantarki irin na dā, mai zare a ciki, wat 60 ko 100, an tsinka waya ɗaya an sa shi a tsakani. In ya kunna ƙwan ya haska ya dushe, kafasita ta cika, komai daidai. In ya tsaya da haske, akwai inda waya ta haɗe ko an juya ƙafar kafasita, kuma ƙwan ya tare wutar kafin ta yi ɓarna. Ƙwayayen zamani marasa cin wuta ba sa wannan aiki, shi ya sa tsofaffin masu gyara suke ɓoye na dā a cikin durowa, ba sa ba da aro.

Yanzu kasuwa ta cika da wasu ƙananan fanel masu ayisi irin TPA3116, waɗanda ba sa buƙatar taransifoma mai nauyi kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na wutarsu sauti take zama. Galibi da adafta mai bolt 12, amfiya 2 ake haɗo su, wato wat 24 a raba wa sifika biyu, alhali ayisin yana aiki har zuwa bolt 26. A nan gyaran ya fi sauƙi: tsohuwar cajar laftof ta asali, mai bolt 19 da amfiya 4.74, wat 90 ke nan. Ƙarfin da ake iya tura wa sifika yana bin bolt ne sau kansa, don haka daga 12 zuwa 19 ya ninka sau biyu da rabi. Ga wata riba da ta dace da mu: irin wannan caja tana karɓar wuta daga 100 har 240 ta fitar da 19 ɗinta cif, ko wutar gari ta yi lo ba ruwanta. Amma gwani sai ya duba kafasitocin kan fanel tukuna, domin wasu masu 16 ake sa wa, ya kuma auna bakin cajar ya tabbatar da wane gefe ne mai wuta. Cajar jabu kuwa, mara nauyi, takan cika gida da shuuu a rediyo, musamman ga masu kama tashoshin gajeren zango.

Masu sola su ne sababbin masu kawo aiki. Batir mai 12 yana tafiyar da irin wannan fanel kai tsaye, ba inbata ba gurnani, kuma hakan ya fi a jona tsohuwar amfilifaya mai taransifoma a ƙaramar inbata mai araha, wadda wutarta mai kusurwa-kusurwa take sa taransifoma kuka da zafi. Wanda yake da batir biyu a jere yakan ce tasa 24 ce, ai ba ta kai 26 ba. Gwani yakan ce masa ya auna da tsakar rana. Lokacin da sola take caji, irin wannan jeri yana haura 28, ya wuce gejin da aka yanka wa ayisin. Sai an sa ɗan fanel mai rage wuta a tsakani, a saita shi a 21 ko 22, a kuma sa fis dab da kan batir, domin batir in waya ta haɗe ba ya jin kira.